Ɗan gida ko agola: yadda ake auna lens mai faɗin ƙofa kafin a zare kuɗi

Wata Asabar da daddare muna aikin dina a wani ɗakin taro a Unguwar Rimi, Kaduna, sai yaron da ke koyon aiki a wurina ya matso ya miƙo min kyamararsa, fuska a murtuke. "Oga, duba don Allah, duk hotunan sun yi yashi-yashi. Anya kyamarar nan ba ta gaji ba?" Na karɓa na duba. Kyamara lafiyarta ƙalau, irin marar madubin nan ce mai ƙaramar sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a cikinta. Matsalar tana gabanta: ɗan lens ɗin da ake haɗowa da ita a kwali ne, ya zuƙo shi har ƙarshe, ƙofar haske ta tsuke zuwa f/5.6, ISO, wato ƙarfin da kyamara ke ƙara wa haske wanda in ya yi yawa yake kawo yashi, ya haye 6400. Na zaro 56mm f/1.4 daga jakata na ɗaura masa, na ce, "Je ka ɗauko min amarya daga inda kake ɗazu." Ya dawo yana washe baki. Wuri ɗaya, fitila ɗaya, amma ISO ya sauko 400, har zaren leshi ana iya ƙirgawa. Tun daga ranar ya hana ni sakat, shi ma sai ya sayi irinsa.

Lens ɗin da na ɗaura masa ba kamfanin da ya ƙera kyamarar ne ya yi shi ba. Irinsa nake kira agola: an zo da shi gidan, yana ci yana sha, wani lokaci ma ya fi 'ya'yan gida ƙwazo, amma akwai ɗakunan da ba a ba shi makullinsu ba. Sigma da Tamron na Japan, Samyang na Koriya ta Kudu, Viltrox da TTArtisan da 7Artisans na Sin, duk agololi ne a gidan Sony ko Nikon ko Fujifilm ko Canon. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne abin da na sa yaron nan ya bi kafin na bar shi ya taɓa kuɗinsa.

Mataki na farko: tambayi hotunanka, kada ka tambayi kasuwa

Buɗe kwamfutarka ka ɗauko ayyuka uku na ƙarshe da ka yi, ko kamu ne, ko suna, ko walimar sauka. Kowane hoto yana ɗauke da bayanin yadda aka ɗauke shi, kuma manhajar gyaran hoto ta Lightroom tana iya tace maka su bisa tsawon lens. Ware waɗanda mai aiki ya zaɓa aka wanke masa, su kaɗai, ka ga a milimita nawa suka taru. Mai yawan shiga ɗakin amarya, inda gado da sif da ƙawaye suka cinye fili, zai tarar hannunsa yana tsakanin 16 da 23. Mai ɗaukar fuska bayan an gama kwalliya zai ga 50 zuwa sama. Idan ka sayi 56mm alhali rabin rayuwarka a ƙuntataccen ɗaki kake, za ka yi ta ja da baya har ka bugi bango, kuma goggoron bai gama shiga hoton ba.

Ka riƙe lissafin sensa ma. A Sony da Nikon da Fujifilm masu ƙaramar sensa, wato APS-C, ana ninka lambar da 1.5, a Canon da 1.6. Ke nan 56mm yana ganin abin da 85mm ke gani a babbar sensa, 30mm ya zama kamar 45mm, 16mm kuma kamar 24mm.

Mataki na biyu: gidanku yana karɓar agola kuwa?

Kowace kyamara da irin bakin da lens ke ɗauruwa a kai, kuma kamfanoni sun bambanta wajen buɗe ƙofa. Sony ya fara bai wa wasu kamfanoni bayanan bakinsa na E tun 2011, shi ya sa mai Sony ya fi kowa zaɓi a yau. Leica da Panasonic da Sigma sun haɗu a kan bakin L a 2018, a can Sigma ɗan gida ne cikakke. Fujifilm X ya samu Sigma a 2022, Nikon Z ya samu Tamron a 2022, Sigma kuma a 2023. Canon ne ya fi jan ƙafa: sai a 2024 Sigma da Tamron suka sanar da lens-lens masu fokas da kansu na bakin RF, su ma na ƙaramar sensa suka fara da su. Mai Canon R6 ko R8, masu babbar sensa, da yake son agola mai faɗin ƙofa, hanyar da aka fi bi ita ce ya samo tsohon Sigma na bakin EF ya haɗa da adaftar Canon. Yana aiki sosai, sai dai nauyi da tsawo.

Sai karanta haruffan da ke jikin kwali, don a nan ake yawan yin asara. A Sigma, DC na ƙaramar sensa ne, DG na babba, DN kuma alama ce an zana shi domin marar madubi. A Tamron, Di III na marar madubi ne, in aka ƙara A a ƙarshe to na ƙaramar sensa ne. Lens ɗin ƙaramar sensa zai ɗauru a Sony a7 III mai babbar sensa lafiya lau, ba zai yi gardama ba, amma megafiksel 24 ɗinka za su koma wajen 10. Na ga wanda ya yi wata guda yana aiki haka bai sani ba, sai da aka ce a buga babban firam.

Game da ɗakunan da aka hana agola: a manyan kyamarorin Sony irin a9 da a1, lens ɗin wani kamfani ba ya wuce hoto 15 a daƙiƙa, kuma gyaran nan da kyamara ke yi wa numfashin fokas a bidiyo, wato shiga da fitar gefen hoto in fokas ya sauya, na 'yan gida ne. In dawakin hawan Sallah a Zariya kake bi, ko 'yan ƙwallo, wannan ya shafe ka. Mai ɗaukar biki kuwa, ban taɓa ganin ranar da 15 ta yi masa kaɗan ba.

Mataki na uku: fahimci abin da f/1.4 ke bayarwa da abin da yake karɓa

Turawa suna ce wa irin wannan lens mai sauri, amma saurin ba na fokas ba ne. Ƙofarsa ce mai faɗi, haske yana shiga da yawa, sai ka samu damar ƙara saurin shota, wato rage lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga. Tsanin yana tafiya haka: f/1.4, f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, kowane hawa yana rage rabin hasken. Daga f/5.6 zuwa f/1.4 hawa huɗu ne, wato haske ninki 16. Abin da ya sauko da ISO ɗin yarona daga 6400 zuwa 400 ke nan, babu wani siddabaru.

Sai dai ba a cin kaza a bar ƙashi. Faɗin ƙofa yana siranta yankin da zai fito tas. Da 56mm a f/1.4, mutum yana nisan mita 2 daga gare ka, abin da zai yi kaifi bai wuce santimita 7 ba. Da 85mm f/1.4 a babbar sensa bai ma kai 5 ba. Ido zai fito, ɗan kunne ya narke. Ga mutum ɗaya wannan shi ne daɗin abin, bayansa ya koma kamar an shafa man shanu, kujerun roba da wayoyin lasifika duk sun ɓace. Ga mutum biyar kuwa masifa ce.

Ni kaina na sha wannan ruwan. Satin farko da na sayi nawa, daɗi ya ɗebe ni na ƙi saukowa daga f/1.4, har hoton dangi. Uwar amarya da ƙannenta sun tsaya layi biyu, na ɗauka, a ɗan allon kyamara komai ya yi kyau. Da na kai aiki sai ta riƙe hoton ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ɗan nan, ita Hajiya Babba laifin me ta yi maka ka sa ta cikin hazo?" Na layin baya duk sun dushe. Ban da abin cewa sai "Ki yi haƙuri, Hajiya," kuma biki ba a maimaita shi. Hoton rukuni f/4 ne ko f/5.6, da filasha in babu haske, ko da lens ɗin naka na miliyan nawa ne. Don haka ka tambayi kanka da gaskiya: cikin hotuna ɗari da kake bayarwa, nawa ne na mutum ɗaya ko biyu? Waɗannan kaɗai f/1.4 zai yi wa aiki.

Akwai kuma ƙarfin hasken ranar Kaduna. Ɗaurin aure da ƙarfe ɗaya na rana a watan Maris, ISO 100, in ka ce sai f/1.4 kana bukatar shota wajen 1/12800. Kyamarori irin Sony a6400 a 1/4000 suke tsayawa, farar shadda za ta ƙone ta zama takarda. Maganinsa gilashin rage haske na ND8, wanda ke cinye hawa uku, ka sa kuɗinsa cikin lissafi tun yanzu, ka duba faɗin bakin lens ɗin kafin ka saya.

Wani abin da mai shago ba zai tuna maka ba: yawancin tsayayyun lens masu f/1.4, wato waɗanda ba a zuƙowa, ba su da na'urar hana girgiza a cikinsu. In kyamararka tana da ita a jiki, kamar a6600 ko a6700 ko Canon R7, babu damuwa. In a6400 ce, ko ZV-E10, ko Canon R50, ko Nikon Z50, to bidiyon da za ka ɗauka a hannu da 56mm zai yi rawa kamar kana cikin Keke Napep a hanyar da damina ta cinye.

Mataki na huɗu: tsayayye ko mai zuƙowa

A nan ra'ayina a fili yake. Mai kyamara ɗaya da yake rufe biki shi kaɗai, zum mai f/2.8 ya fi masa amfani. Ba ka da lokacin canza lens lokacin da ango ya shigo, kuma duk canzawa a hunturu ƙura ce kake gayyata kan sensa. A ƙaramar sensa akwai Sigma 18-50mm f/2.8 na 2021, bai kai giram 300 ba, da Tamron 17-70mm f/2.8 wanda ya fi shi girma amma yana da hana girgiza. A babbar sensa Tamron 28-75mm f/2.8 ne ya buɗe wannan hanya a 2018, aka sabunta shi a 2021.

Wanda ya riga ya mallaki zum, ko yake da kyamara biyu, shi ne tsayayye zai yi wa rana. 'Yan ukun Sigma, 16mm da 30mm da 56mm, duka f/1.4, sun daɗe a hannun mutane, an san halinsu. Viltrox yana da 23mm da 33mm da 56mm a f/1.4 a farashi mai sauƙi, ga kuma 75mm f/1.2 ga mai son hoton fuska. Su TTArtisan da 7Artisans da yawa daga cikin masu arhar tasu da hannu ake juya fokas. Don koyo da ɗaukar bakin kogi da yamma suna da daɗi. Amarya tana taku ana liƙi kuwa, kada ka gwada.

Mataki na biyar: ajiye shi kusa da ɗan gida

Dalilin da ya sa ake neman agola kuɗi ne. Lokacin da Tamron 28-75mm ya fito kusan dala 800 aka sa masa, nauyinsa giram 550, alhali a lokacin Sony 24-70mm f/2.8 GM yana wajen dala 2,200 da giram 886. Ka juya wannan rata zuwa naira a canjin yau, za ka ga ta isa sayen fitilu da batura da kati har da canji. Abin da ka rasa shi ne milimita huɗun nan na ƙasa, kuma tsakanin 24 da 28 akwai tazara a ƙaramin falo.

Amma kada ka ɗauka kullum ɗan gida ne mai tsada. Canon RF 50mm f/1.8, Nikon Z 40mm f/2 da Sony FE 85mm f/1.8 duk 'yan gida ne masu sauƙin kuɗi. Tsakanin f/1.8 da f/1.4 kashi biyu cikin uku ne na hawa ɗaya, abin da ba kowane mai aiki zai gane a hoto ba. In bambancin farashin bai taka kara ya karya ba, ni ɗan gida nake ɗauka, don ranar da aka sabunta manhajar kyamara ba na fargabar fokas zai rikice.

Mataki na shida: gwaji da hannunka, a kan kyamararka

Nan ne aikin yake. Duk bidiyon sharhi da ka kalla a YouTube, lens ɗin wani aka gwada a kyamarar wani. Kai guda ɗaya za ka saya, kuma ko a kamfani ɗaya, kwali ɗaya, ana samun wanda ya fito a karkace. Tafi da kyamararka, da cikakken batir, da katinka, da laftof in da hali. Mai kayan da ya ƙi ka gwada ya riga ya ba ka amsa.

Fara da ido kafin ka ɗaura. Cire murfi gaba da baya, kunna tocilan ɗin wayarka ka haska ta baya kana leƙawa ta gaba, kana ɗan karkatawa. 'Yan ƙwayoyin ƙura ba komai ba ne, babu lens ɗin da ya yi hunturu ɗaya a Arewa bai haɗiye su ba, kuma ba sa fitowa a hoto. Abin gudu biyu ne: zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, wato funfuna, da wani farin hazo da ya lulluɓe gilashin ciki. Duba kusoshin baya, in kansu ya cinye to an taɓa buɗe shi. Duba zaren bakin gaba, in ya lotsa to ya taɓa faɗuwa. Ɗaura shi ka ɗan murɗa, bai kamata ya yi lako-lako ba.

Sai fokas, wanda a wurina ya fi kaifi muhimmanci. Kunna fokas mai bin ido, buɗe ƙofa gaba ɗaya, sa shota a 1/500, ka roƙi yaron shago ya tako zuwa wurinka daga nisan mita 8 da tafiya irin ta yau da kullum, kana ɗauka a jere. Yi sau uku. Buɗe hotunan ka faɗaɗa kan ido, ka ƙirga nawa suka kama ƙwayar ido, nawa suka kama gira ko kunne. Sannan ka shiga can cikin shago inda ya fi duhu ka maimaita, domin lens da yawa suna burgewa a rana, su yi ta lalube a duhu, gaba da baya, kuma domin duhun kake sayensa. In cikin goma yana ba ka biyar, ajiye musu kayansu, duk kyan sauran biyar ɗin.

Na uku, gwajin karkata. Fito waje ka nemi abu mai nisa mai rubutu, allon wani bene a Ahmadu Bello Way ya isa. Sa fokas a kansa yana tsakiya, mayar da fokas na hannu don kada ya motsa, sannan ka ɗauki hotuna huɗu kana ajiye allon a kowace kusurwa. Kusurwoyi za su fi tsakiya laushi, haka kowane lens yake a buɗe. Abin da kake nema shi ne su huɗun su yi kama da juna. In uku sun karantu, ɗaya ta zama kunu, gilashin ciki ya goce. Na taɓa sayen irinsa na hannu saboda ina sauri, duk wanda ya tsaya a gefen hagu na hoto sai ya fito kamar bai yi barci ba. Da na koma, mai kayan ya ce ai na gani na saya.

Na huɗu, launi. Nemi mai farar shadda ko mai hular da aka yi wa aikin zare mai ƙyalli, ka ɗauke shi rana tana bayansa. Duba gefen kafaɗa: za ka iya ganin wani siririn layi ruwan shanshanbale ko kore. Kaɗan yana gyaruwa a kwamfuta, kuma yakan ragu in ka sauko f/2. Mai yawa zai wahalar da kai a kan kowane leshi mai duwatsu. Ka juya lens ɗin wajen fitila ma ka ga ko hoton yana wankewa ya rasa baƙinsa, don fitilun ɗakin taro ba sa tambayar inda ka tsaya.

Mai bidiyo yana da ƙarin biyu. Ɗauki daƙiƙa 20 a wuri shiru kana sauya fokas daga kusa zuwa nesa, ka saurara ko ƙarar injin fokas ta shiga makirfo, ka kuma kalli gefen hoto ko yana shiga yana fita kamar mai numfashi. In ka ga layi-layi suna yawo a ƙarƙashin fitila kada ka ɗora wa lens: wutarmu 50 take bugawa a daƙiƙa, sa shota a 1/50 ko 1/100, in janareta ne kuma sai ka ɗan yi ta gwadawa.

Mataki na bakwai: ciniki

Kafin ku tsayar da farashi, shiga menu ka duba lambar manhajar lens ɗin, ka kwatanta da wadda ke shafin kamfanin. Sau da yawa matsalar fokas da ake kuka da ita an riga an gyara ta. Viltrox yakan sa ramin USB a jikin lens, sabon Tamron 28-75mm ma yana da shi, Sigma na bakin Sony kuma ta cikin kyamara ake sabunta shi. Kada ka fara sabuntawa da batir rabi.

A rubuta maka lambar jikin lens a rasit, ku yi yarjejeniyar kwana biyu ko uku na mayarwa, a gaban shaida. In daga Legas ko Kano za a auno maka, nemi wani amintacce a can ya yi gwajin tocilan da na kusurwa ya turo maka hotunan asali, ba waɗanda WhatsApp ya matse ba. Ka tuna da ranar sayarwa kuma: a abin da na gani, Sigma da Tamron sun fi saurin samun mai saye in ka tashi canzawa, ƙananan sunaye sai ka karya kuɗi sosai.

Da ka kawo shi gida, yawancin agololi masu sauƙin kuɗi iyakar kariyarsu ɗan zoben roba ne a baki, wasu ma babu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka canza lens a cikin mota ko a ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa, ka hure ƙura da roba mai hura iska kafin ka sa ƙyalle, don ƙurar hunturu tana karce gilashi. Daga Yuli zuwa Satumba kuwa kada ka bar shi kwana da kwanaki a cikin jakar da ta sha laima. Samo robar abinci mai murfi mai kamawa, zuba 'yan ƙullin silika irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi, ka riƙa shanya su a rana duk bayan sati biyu.

Yarona dai da ya tace hotunansa sai ya tarar kusan duka tsakanin 18 da 35 suke. 56mm ɗin da ya kwana yana mafarki bai saya ba, zum mai f/2.8 ya ɗauko, na hannu, bayan ya mayar da na farko saboda kusurwar dama. Nawa kuma har yanzu yana zuwa aro duk ranar da aka ba shi hoton kwalliya.